Fedar da ke Gindin Randa

Ni na koya wa taubashina jita. Wannan nake so a fara sani, domin yau in ka shiga Bakura ka yi tambaya sai a ce maka da ita aka haife shi. Ƙarya ne. Ni na ɗora masa yatsu a kan tsirkiya a zauren kawuna, yana ta raki wai yatsunsa sun yi bororo, ina ce masa in ba zai iya ba ya tashi ya koma ban ruwan albasa.

Ɗan ƙanen mahaifiyata ne. Ni a Talata Mafara na tashi, shi a Bakura, kuma tun muna yara babu wanda ya taɓa kiran wani da sunansa. Shi ya ce mini bawa, ni in ce masa bawa, har yau ba a raba gardamar waye bawan wani ba. Duk abin da ya fito daga bakin ɗayanmu wasa ne, ko zagi ne ba a riƙe shi. A danginmu kuma akwai abin da muke yi washegarin cika-ciki: wanda ya riga ɗan'uwansa sammako ya iso ƙofar gidansa, zai shiga ya ɗauki abu ɗaya da ransa ya so, babu fushi, babu biyo sawu. Shara muke ce wa abin. Na taɓa ɗauke masa zakara. Shi kuma wata shekara ya kwashe mini takalmin Sallah ya bar ni da silifas.

Mu biyun muna yi wa wani mawaƙi kiɗa, dattijo ne, Maigida muke ce masa. Da gurmi ya fara waƙa tun ba a haife mu ba, daga baya da ya ga masu biki sun fara son jita sai ya ɗauke ni, ni kuma na jawo taubashina. Ni ke ja, shi ke bi. Wato duk inda Maigida ya saurara don ya huta, jitata ce ke magana, ta taubashina kuwa tana ƙasa tana riƙe da kiɗan tare da kalangu. Kiɗa a wurinmu ba sana'ar da ake tutiya da ita ba ce. Bayan azahar ake farawa a ƙofar gidan biki, a tashi tun rana na sama don kowa ya kama hanya da sauran haske. Amma da ita nake ciyar da gidana, kuma shekara tara ina tsaye a damar Maigida.

A shekarar da nake ba da labari bukukuwa sun ja baya, hanyoyi sun yi wuya, babbar motar da ke ɗaukar mu ta mutu aka koma ƙarama. Tun da rani Maigida ya fara cewa in kaka ta yi jita ɗaya zai riƙa tafiya da ita. Ban ko ɗaga kai ba da na ji. In jita ɗaya ce ai an san ta wa ce.

Ga wanda bai sani ba, feda ɗan akwati ne da ake sakawa tsakanin jita da amfilifaya, a ajiye shi a ƙasa, in ka taka da ƙafa ya canja wa jitar murya. Tawa ta roba ce, baƙa, a Gusau na saye ta hannun wani mai kayan lantarki, kuɗinta bai kai na ɗan akuya ba. Amma tana da ɗan gilashi mai nuna lamba, kowace lamba da muryarta. Akwai wadda in ka taka sai ka ji kamar a cikin rijiya kake kiɗa, akwai mai kuka, akwai mai rawar murya, akwai ma wadda ke jiniya. Na fi son mai kukan. In na taka ta a wurin biki har waɗanda ke layin abinci sai sun waiwayo. Taubashina ba shi da feda ko ɗaya, waya kawai yake sokawa, kuma ban taɓa ganin ya damu ba.

Sai ga shi wata rana, bayan an kwashe albasa, ya shigo zauren Maigida wurin gwaji da wani abu naɗe a ƙarƙashin hammata. Ashe albasarsa ta noman rani gaba ɗaya ya sayar, ya yi magana ta waya da wani mutum a Legas, aka yi masa odar feda daga ƙasar waje. Kuɗin da ya zuba, da maraƙi ya saya da ya samu mai kyau. Kawuna sai da ya yi mako ba ya amsa masa gaisuwa.

Da ya kwance na leƙa, sai dariya ta kama ni. Ƙarfe ne mai nauyi, ja-ja-ja haka, da 'yan kawuna biyu da ake murɗawa da maɓalli ɗaya na takawa. Shi ke nan. Babu gilashi, babu lamba. Fentin ma ya kankare a kusurwoyi. Na ce masa an cuce shi, gwanjo aka turo masa. Ya ce a'a, sabuwa ce, da hannu aka haɗa ta irin yadda ake haɗa su zamanin kakanninmu, kankarewar ma da gangan aka yi don ta yi kama da tsohuwa. Na ce to murya nawa gare ta? Ya ce ɗaya. Na ce wa mai kalangu ya zo ya ga mutumin da ya ba da gonar albasa ya sayi murya ɗaya da kankararren fenti. Kowa ya yi dariya, har shi.

Sai ya soka waya ya taka.

Ban san yadda zan kwatanta muryar nan ba tare da na ji haushi ba, har yanzu. In ya taɓa tsirkiya a hankali sai ta fito fes, da ɗumi. In ya ɗan matsa mata sai ta yi wani kaushi mai daɗi a ƙarƙashi, irin wanda akayau ke yi a jikin garaya. Ba ta ihu. Kukan tawa kusa da ita sai ya zama kamar na abin wasan yara. Maigida yana tsakiyar baiti ya yi shiru, ya juya kansa hagu, wajen taubashina, ya tsaya yana saurare da baki a ɗan buɗe. Shekara tara ina damarsa, bai taɓa juyo mini kai haka ba. Yakan ce madalla, yakan ce Allah ya yi albarka, amma wannan juyawar ban taɓa samunta ba.

Ranar ban ci tuwon dare ba. Matata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce mata ta ƙyale ni. Ba zazzaɓi ba ne, kyashi ne tsagwaronsa, na sani kuma tun a lokacin. Na kwanta ina ganin jan ƙarfen nan a idona, ina cewa a raina wai yaron da na koya wa riƙe jita.

Daga nan komai na fedar ya riƙa tsone mini ido, musamman yadda yake lallaɓa ta. A gida, a gindin randa yake ajiye ta, bisa jiƙaƙƙen yashin da ake girka randar a kai. In za mu fita kuwa sai ya sa ta a leda, ya naɗe da wani guntun buhun algarara da ya jiƙa ya matse. A wurin biki ma ba ya barin ta a fili, buhun na rufe da ita, maɓallin kawai ke waje. In ya bushe ya ciro gora daga jakarsa ya yayyafa. Sau ɗaya na tanka, na ce amarya ce da ake lulluɓe ta haka? Ya ce, "Zafi na ba ta so, bawa. Da ta sha rana sai ta rikice." Na ce lallai, tawa shekara nawa tana shan ranar bazara ba ta taɓa ciwon kai ba. Na ɗauka irin maganarmu ce ta kullum, ya faɗi tasa in faɗi tawa. Ban sake tambaya ba, don tambaya na nufin na damu, ni kuwa gara in mutu da ya san na damu.

Amma na ci gaba da kallon gorar nan. Ruwan me ne a ciki da ba ya sha, ba ya ba kowa? Sai na tuna an ce mini an gan shi a Damri sau biyu ba ranar kasuwa ba, kuma kowa ya san akwai malamin da ake zuwa wurinsa a can neman farin jini. Nan take na haɗa lissafina ya fita daidai: rubutu ne. An rubuta masa an wanke, yana jiƙa buhu da shi yana shafe fedar, shi ya sa duk wanda ya ji muryarta sai ya juyo. Wallahi sai na ji sanyi a raina. Ya fi mini sauƙi a ce asiri ne.

Duk da haka muryar nake so. Na je wurin wani mai gyaran rediyo da ke da rumfa a kasuwarmu ta Talata, wanda na san taubashina ya taɓa kai masa fedar ya gyara mata mariƙin batir. Ya ce ya buɗe ta da hannunsa, babu komai a ciki. Wasu 'yan abubuwa biyu masu hular ƙarfe irin na cikin tsofaffin rediyo, da 'yan wayoyi, da ɗigon dalma. Ya ce kayan cikin ba su kai kuɗin tsire ba, Turawa suna ne kawai suke sayarwa. Daɗi ya kama ni har na sayo masa lemo. Na ce zai iya haɗa mini irinta? Ya ce me zai hana. Ya fasa wata tsohuwar rediyo ya ciro hanjinta, ya haɗa mini a cikin gwangwanin kifi, ya huda ya dasa maɓalli.

Na kai ta gwaji ina hura hanci. Na soka, na taka, kafin in taɓa tsirkiya sai ga muryar mutum ta fito daga lasifika, tiryan-tiryan, yana bayanin yadda ake zuba takin zamani a gonar shinkafa. Gwangwanin bai manta asalinsa ba, tasha ya kamo. Maigida ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. Taubashina kuwa wata guda ba ya kirana bawa, sai gidan rediyo. In mun haɗu ya ce in ba shi labaran duniya. Na yi dariya tare da su don ba a fushi da taubashi, amma na ƙulle abin a raina.

Damina ta wuce a haka. Ni ke ja har lokacin, amma na lura Maigida ya fara barin wasu gurabe ga hagunsa, ya ɗan ɗaga hannu ya ce a bar yaro ya taɓa. Da ruwa ya ɗauke ya tara mu ya ce akwai bikin wani falken hatsi a Maradun, zai aurar da ɗansa, babban biki ne, kuma bayansa zai faɗi jitar da za a ci gaba da tafiya da ita. Bai kalli kowa ba da yake maganar. A ranar na gane cewa wurina ba nawa ba ne kamar yadda nake zato.

Shekarar, ranar shara ta faɗo kwana huɗu kafin bikin. Ina idar da sallar asuba na buga babur, ko karyawa ban yi ba, na kama hanyar Bakura. Na same shi a ƙofar gida, ashe ya san zan zo, har ya ɗaure mini wata kaza a turke yana dariya, wai ga ladan shara nan, bawa ya ɗauka ya tafi. Muka gaisa, na tambayi kawu da iyali da kwanan gida, kamar ba komai. Sai na wuce kazar, na yi sallama na shiga tsakar gida, na nufi randa, na sunkuya na ɗauko fedar.

Da na fito na ga fuskarsa. Dariyar ta tsaya, ya kalli hannuna, ya kalle ni. Shi da ni mun san ba haka ake wasan ba. Zakara ake ɗauka, hula ake ɗauka, ba a ɗaukar abin da mutum ya sayar da amfanin gonarsa a kai, kwana huɗu kafin ranar da zai fi bukatarsa. Amma al'ada ba ta ce ban da kaza da kaza ba, kuma ni na san da haka na taho. Sai ya dawo da dariyar ya ce lallai bana bawa ya yi babbar shara. Na ciro tawa ta roba daga jaka na miƙa masa, na ce ga wannan ya riƙa lallaɓawa kada a ce na bar shi hannu sake.

Ina kan babur ya koma ciki da sauri ya fito da buhun nan yana ɗiga.

"Tsaya ka tafi da wanga. In ba da shi ba ba ta yi maka aiki."

"Riƙe abinka," na ce masa. "Wanda aka yi da sunanka ba zai yi mini ba."

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Ya fara cewa wani abu a kan rana, na murɗa babur na bar shi da hayaƙi.

Kwana ukun da suka biyo baya, da hantsi, a ɗakina da ke da sanyin ƙasa, na zauna da ita. Gaskiya ɗaya ce kuma zan faɗe ta: mai rediyo bai san abin da yake faɗa ba. Ko me ke cikin ƙarfen nan, ta robar ba ta da shi. Tana jin yatsa. Abin da ka ba ta shi take dawo maka da shi, da ƙari. Na buga abubuwan da na shekara tara ina bugawa na ji su kamar ban taɓa ji ba. Matata ta tsaya da tsintsiya a bakin ƙofa tana saurare. Na ce a raina an gama, wurina ya dawo, kuma ga shi ba da rubutun kowa ba.

A Maradun an kafa rumfuna a ƙofar gidan, amma na baƙi ne. Mu makaɗa aka shimfiɗa mana tabarma a gefe, jikinmu a inuwar katanga, ƙafafunmu a rana. Irin ranar nan ce ta ƙarshen damina mai nunar da dawa, babu iska ko kaɗan. Na ɗauko fedar, na goge ta da hannun riga, na tura ta gaba can bakin tabarma inda rana ta fi haska ta, don duk wanda ya zo liƙi ya ga a gaban wa take. Taubashina ya zauna a hagu da ta robata. Ina gyara tsirkiya na ga ya miƙo hannu a hankali ya shimfiɗa buhun a kanta. Ashe ya taho da shi tun daga Bakura. Na sa ƙafa na ture shi gefe. Ya sake jawo shi, na sake turewa, wannan karon na watsa masa kallo. Ya ɗauke buhunsa ya ninke ya ajiye a bayansa.

Waƙa ta farko ta tafi lafiya, ta biyu ma haka, ko da yake na ji kamar muryar ta fara yin laushi, na ce janareta ne. Ta uku ita ce babbar, wadda Maigida ya shirya wa uban ango, inda yake kiran kakanninsa ɗaya bayan ɗaya sannan ya yi shiru ya bar wa jita fili mai tsawo, mai gidan ya taso da abokansa su yi liƙi. Maigida ya kai ƙarshen baitin, ya sauke abin magana, mutumin ya miƙe yana gyara babbar riga. Na taka.

Abin da ya fito ba zan manta da shi ba. Wata 'yar siririyar ƙara ce mai tartsatsi, kamar ƙuda ya shiga gora. In na buga sai ta kama rabin sautin ta yanke sauran. Na murɗa wannan kan, na murɗa wancan, ta ƙara lalacewa. Na sunkuya in duba waya, hannuna ya taɓa ƙarfen, na janye da sauri don ya yi zafin da za a iya gasa masara a kansa. Kalangu na ta tafiya shi kaɗai. Uban ango ya tsaya a tsakiyar fili da kuɗi a hannu, bai san ya ci gaba ko ya koma ba. Da hankalina na jikina da na sake takawa na kashe ta na buga haka nan, amma gumi ya rufe mini ido, ina ta kokawa da ita don na rantse a raina da muryar nan zan ci wurina.

Sai na ji jita ta shigo daga hagu.

Kiɗana ne. Layin da na tsara da kaina, wanda na koya masa a zauren kawu. Amma inda ni nake cikawa shi sai ya bar fili, inda nake gudu shi sai ya jira kalangu. Na kalli ƙafarsa. Fedata ce ta roba, gilashin na nuna lamba ta farko, wadda ni tun da na saya ban taɓa tsayawa a kanta ba don ba ta yin komai sai ɗan kaushi kaɗan. Ya rage ta ma can ƙasa. Muryar ba ta kai ta jan ƙarfen ba, na rantse ba ta kai ba, kunnena ya san bambancin. Amma a filin nan babu wanda ya san da wani bambanci sai ni da shi. Mata suka saki guɗa daga cikin gida, uban ango ya tako ya fara manna masa kuɗi a goshi. Maigida kuwa ya juya kansa hagu, ya tsaya da baki a ɗan buɗe, daidai irin juyawar da ya yi ranar farko.

Ban sake bugawa ba har aka tashi. Ina naɗe waya taubashina ya matso ya tsuguna, ya ɗauki fedar da gefen rigarsa ya kai ta inuwa, ya rufe ta da buhun, ya ciro gorar ya yayyafa. Bai kalle ni ba ya miƙo mini gorar.

"Sha, bawa. Ruwan randa na."

Na karɓa. Sai da na shinshina tukuna, Allah ya gani, ina neman warin tawada. Babu. Ruwa ne mai ƙamshin ƙasa, irin na kowace randa. Kafin a gama loda kaya a mota fedar ta huce, ya soka ta ya gwada a hankali, muryarta ta dawo lafiya lau. Daga baya na ji cewa Damri ma irin albasa yake zuwa nema.

Bayan kwana biyu Maigida ya zo gidana da kansa. Ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi kowa har awakina, daga tsawon gaisuwar na san abin da ya kawo shi. Ya ce ni ɗansa ne, ƙofarsa a buɗe take, in an samu biki mai girma da za a je da mota biyu za a neme ni. Na ce na gode, Allah ya bar zumunci. An neme ni sau biyu tun daga lokacin.

A makon na ɗauki fedar na kai Bakura. Na ce ga kayansa. Ya ce shi bai san wannan zance ba, abin da aka ɗauka ranar shara ba a mayar da shi da hannu, sai dai in mai shi ya yi sammako ya je ya ɗauko da kansa. Na ce to ya ba ni tawa. Ya ce wacce, wadda na ba shi kyauta a gaban ƙofarsa? Muka yi dariya mu biyu, na dawo da ita gida na ajiye a gindin randarmu.

Yanzu noma nake yi, da ɗan kiɗan suna in ya samu. In wani ya tambaye ni wacce zai saya, mai tsadar ko mai arahar, nakan ce mai tsadar ta fi murya nesa ba kusa ba, kuma ba ƙarya nake ba, sai in canja magana. Da hantsi wani lokaci nakan rufe ɗaki in buga ta ni kaɗai. Taubashina kuwa yana damar Maigida. Ana kiran su har Sakkwato. Bidiyonsu na yawo a wayoyin mutane, nakan karɓa in kalla, in kai idona ƙasa wajen ƙafarsa, in ga baƙar robata da tsagewar da na yi mata a gefe, ya ɗaure da salatif. Yana da kuɗin da zai sayi jan ƙarfe uku yanzu, bai saya ba.

Da cika-ciki ya zagayo na shirya. Na goge fedar, na juyo da ita yadda mai shigowa zai fara ganinta, na ƙi fita da asuba don ya riga ni, na bar ƙofa a buɗe. Ina so ya zo ya ɗauke ta. In ya ɗauka, to ya yarda yana bukatarta, ni kuma zan iya ci gaba da gaya wa kaina cewa da ita ya fi ni. Ya zo kuwa, tun rana ba ta fito ba, yana kiran bawa tun daga waje. Ya shiga tsakar gida, ya zagaya, ya kama mini zabo. Shekarar da ta biyo ya ɗauki tocila. Bara, hular da matata ta ba da aka ɗinka mini.

Bana ma ya zo. Ya tsaya a gaban randar ya ɗebi ruwa ya sha, ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya sunkuya ya taɓa yashin da bayan hannunsa.

"Kana dai jiƙa mata shi kullum?"

Na ce ina jiƙawa.

Ya ce madalla, ya miƙe ya ɗauki butar alwalata ya fita.